Sai ka mutu a yabe ka: maganar ritaya da lambar girma a gidajen lauyoyi



A ƙasar nan, in kana so a yabe ka da gaske, to ka mutu. Ranar ne za ka ga manyan motoci ƙofar gidanka, a karanta tarihinka a rediyo, a ce ƙasa ta yi babban rashi, wani lokaci har a ɗora maka lambar girma bisa makara. Jiya da kake zaune bisa tabarma kana lissafin kuɗin maganin hawan jini, babu wanda ya san hanyar gidan. Wannan hali namu ya shiga kowace sana'a, amma yau a kan gidajen lauyoyi nake so mu tsaya, don a can ne abin ya fi ban haushi. Mutanen da sana'arsu ita ce ƙwato wa wasu haƙƙi, su ne ya kamata su fi kowa sanin haƙƙin wanda ya tsufa cikin aikinsu.

Kuna ganin hotunan da ke yawo a Facebook da WhatsApp duk lokacin da wani babban avoka ya ajiye baƙar riga. Otal, fararen kujeru, kwalbar ruwa gaban kowa, takardar yabo cikin gilashi, jawabi da Faransanci mai tsawo. Ni ban da matsala da wannan. Yabon gwani ya zama dole, kuma wanda ya yi shekara 30 yana tsayuwa gaban mai shari'a ya cancanci a tashi tsaye a tafa masa. Abin da nake dubawa cikin hotunan shi ne gefe, can bayan ginshiƙi, inda ake hango rabin fuskar wani dattijo riƙe da jakar maigida. Shi ma shekara 30 ɗin ya yi. Shi wa zai yi masa walima? Mi zai ci bayan an kashe fitilun otal?

Na san abin da wasunku za su rubuta ƙarƙashin wannan rubutu. Za ku ce: kai ɗan rediyo, gero ya yi tsada, hanya ta lalace, matasa sun watse, ka rasa abin magana sai lauyoyin Yamai masu kwat da mota? Wasu kuma za su ce lauya ai mai kare ɓarawo ne, mai gaskiya ba ya buƙatarsa. Wanda ke faɗin haka bai taɓa kwana komisariya ba, kuma ba a taɓa kiransa a kan gonar kakansa ba, wani ya fito da takarda mai hatimi shi kuma ba shi da komi sai "kowa ya san gonarmu ce". Ranar da haka ta same ka za ka gane cewa gaskiya daban, iya faɗinta gaban shari'a daban.

Ku duba yadda muke. Nijar ta haura mutum miliyan 25, lauyoyinta ƙalilan ne, kuma kusan dukkansu a Yamai sunka buɗe biro. Daga Dogonkiriya har Gesheme, daga Dankasari har Dumega, manomi ba ya fita ƙofar gida ya ga allon kabine. In rigima ta fi ƙarfin maigari da sarki, sai kotun Dutsi. In ta fi nan, Doso. In ana son lauya, hanya ta miƙe har Yamai, fiye da kilomita 250, kuma kuɗin motarsa da masaukinsa duk a wuyanka suke kafin a yi maganar ladan aikinsa. Da yawa a nan suke sayar da ɗan bijimin da sunka ajiye, da yawa kuma a nan suke cewa "na bar wa Allah", ba don sun yafe ba.

Abin dariya, a takarda muna da gata. Ƙasashen UEMOA sun ɗauki wata doka ran 25 ga Satumba 2014 da ta ce lauya na iya tsaya wa mutum tun daga lokacin da anka kama shi, tun yana hannun ɗan sanda ko jandarma. Doka mai kyau ce. To amma yaron da anka kama ran kasuwa a Matankari da zargin satar akuya, wane lauya zai kira? Inuwar giginya ke nan, na nesa ka sha, kuma mu mutanen Dallol ba sai an fassara muna wannan karin magana ba.

Gwamnati ta san da wannan rami, shi ya sa a watan Disamba 2011 ta kafa hukumar ANAJJ, mai taimaka wa marasa ƙarfi da shawara da kuma mai tsaya musu gaban shari'a. Da yake lauyoyi ba su isa ba, ana ɗauko mutanen gari masu ilimi, irin su malaman lakwal da tsofaffin ma'aikata, a ɗora musu kare wanda ake tuhuma. Ba su da baƙar riga, babu mai kiransu Metir. Mutum ya karɓi dosiye mai kauri, ya zauna da fitila ya karanta, ya je gidan kaso ya saurari wanda dangi ma sun guje shi, ya tashi gaban masu shari'a ya nemi sassauci ga wanda ke fuskantar shekaru 10 ko 20. Wannan aikin lauya ne tsantsa. Yaushe rabon da ku ga hoton ɗaya daga cikinsu ana liƙa masa lamba ran 18 ga Disamba? Haka dattawan da ke zama kusa da alƙali suna yi masa bayanin al'ada a shari'ar gado da aure da gona, waɗanda in babu su alƙalin da ya fito daga Diffa ko Agadas ba zai san yadda Bamauri ke ba da aron gona ba. Suna tsufa, a sa wani a kujerar, shi ke nan.

Yanzu bari in shiga cikin kabine ɗin kansa.

Akwai wani dattijo ɗan ƙasar nan tamu, ba zan faɗi sunansa ko ƙauyensu ba, kuma ba zan faɗi gidan lauyoyin da ya yi wa aiki ba. Ya tafi Yamai yana saurayi da ɗan karatunsa na koleji, ya komo da furfura. Shi ne mai kai takardu kotu, shi ya san wane biro ake ajiye wace takarda, wace rana wa'adin ɗaukaka ƙara ke cika, wane magatakarda ke tashi da wuri ran Juma'a. In Bahaushe ko Bazabarme ya zo da kuka, shi ke juya kukan zuwa Faransanci don maigida ya gane. Matasan lauyoyi da yawa da sunka zo koyon aiki a gidan, a hannunsa sunka koyi yadda ake jera dosiye, yau wasunsu suna da nasu kabine da nasu motoci.

Na same shi ƙofar gida bayan la'asar, na ce, "Baba, ina labarin fansho?"

Ya yi dariya ya ce, "Ɗana, wane fansho? Ran da ni baro aiki an yi mini godiya ƙwarai. An ba ni shadda da agogon bango da ɗan abin shiga mota. Da ni tahi CNSS, yarinyar ta duba ta duba cikin injin, ta ce Baba sunanka babu shi."

Na ce, "Baba, ba ka kai ƙara ba?"

Ya ce, "In kai ƙaras su wa? Wa za ya tsaya mini? Su ne hwa lauyoyin."

Agogon yana nan rataye a zaure, batir ya mutu. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Ban ce haka kowane kabine yake ba. Akwai masu tsoron Allah da ke yi wa ma'aikatansu rajista tun watan farko, kuma su ma sun san waɗanda nake nufi. Amma ko gida ɗaya ne ya yi haka, ya isa abin kunya, domin dokar ba ɓoyayya ba ce. Kundin dokar aiki na 2012 yana nan. Duk wanda ya ɗauki ma'aikaci da albashi dole ya kai sunansa CNSS. A ɓangaren tsufa ana cire kashi 5,25 cikin 100 daga albashin ma'aikaci, maigida ya ƙara kashi 6,25 daga aljihunsa. Ku yi lissafi da mafi ƙarancin albashi, wanda ya koma jika 42 daga farkon 2024: rabon maigida na tsufa bai kai jika 3 ba a wata. Kuɗin lemun teburi guda a walimar bankwana ya fi haka. Ɗan tireda a kasuwar Kore Mairuwa in ya ce bai san wannan doka ba, zan iya yi masa uzuri. Wanda ya yi shekaru a jami'a yana karanta doka, ya rantse gaban kotu, yana cin abinci da ita, shi kam babu uzuri. Ya sani, ya ga dai babu mai tambayarsa.

Su kansu lauyoyin, kar ku ɗauka duka cikin daula suke. Lauya ba ma'aikacin gwamnati ba ne, ba ya cikin masu jiran fanshon CARENI kamar malami ko likitan asibitin gwamnati. Sana'a ce ta kai da kai, kuma babu shekarar da doka ke cewa ka tashi ka ba yara wuri. Wanda ya kama bankuna da kamfanonin waya da na haƙar ma'adinai, ya gina gidajen haya, tsufansa ya yi kyau. Wanda ya ƙare ƙuruciyarsa a shari'ar zawarawa da marayu da ƴan kaso, ana biyansa da addu'a da ɗan zabo, shi ne za ka gani yana jan ƙafa a matakalar kotu da shekaru 70 don ba shi da halin zama gida. Kuma ranar rabon lamba, na farkon ake kira. Ma'aunin ya zama girman biro da girman abokan hulɗa. To matashin da ya gama karatu yana kallo, wace hanya kuke so ya bi? Mun nuna masa da hannunmu cewa tsaya wa talaka hanyar tsiya ce a ƙuruciya, hanyar mantuwa ce a tsufa. Daga nan sai mu dawo muna mamakin mi ya sa babu lauya a Dutsi.

Tunda daga Faransa munka ɗauko rigar da kalmar Metir da sandar batonye, ai sai mu ɗauko har da abin da ke bayan rigar. A can lauyoyi suna da asusun ritaya nasu na kansu tun 1948. Ban da kuɗin da kowa ke zubawa, akwai wani ɗan haraji na Yuro 13 da ake biya a kan shari'ar da lauya ya tsaya ya yi magana, yana shiga asusun. Wanda kuma ya yi shekara 20 yana aiki ya ajiye, majalisar lauyoyi na iya ba shi muƙamin lauyan girmamawa, ya ci gaba da zama cikin dangin sana'a, ana gayyatarsa, ana neman shawararsa. Ba don ina son Faransa na kawo wannan ba, kun san ra'ayina a kanta. Na kawo ne don a ga cewa girma da abinci tare suke tafiya. Takardar yabo cikin gilashi ba ta sayen buhun gero.

Maƙwabtanmu na Nijeriya kuma suna da darasi iri biyu. Tun 1975 suke ba da muƙamin SAN, wato babban lauyan ƙasa. Na farko da sunka samu su ne Rotimi Williams da Nabo Graham-Douglas, mace ta farko kuma Folake Solanke a 1981. Wanda ya samu yana sa rigar siliki, ya zauna sahun gaba, a fara kiran shari'arsa kafin ta saura. Abin da ya burge ni shi ne ana ba mutum yana da rai, yana cikin aiki, yana cin moriyarsa. Amma ku ji ɗaya gefen. Gani Fawehinmi, lauyan da ya tsaya a kan kisan ɗan jarida Dele Giwa na 1986, wanda gwamnatocin soja sunka riƙa kullewa suna saki, wanda ya kare ɗalibai da ma'aikata ba adadi, sai da anka ja masa rai har 2001 kafin a ba shi wannan muƙami, bayan yara da yawa da sunka same shi cikin sana'a sun riga shi. Kafin nan ɗaliban jami'ar Ife sun gaji da jira, sun naɗa shi da kansu Babban Lauyan Talakawa, kuma wannan suna ya fi bin sa. A 2008 gwamnati ta miƙo masa lambar girma ta ƙasa, ya ce ba ya so, saboda halin da talaka ke ciki. Ya rasu ran 5 ga Satumba 2009. Ranar kam har waɗanda sunka kulle shi sun aiko da ta'aziyya.

Mu komo gida, nan kusa da mu, Kwanni. Hadijatou Mani tana da shekara 12 anka sayar da ita a 1996 a kan jika 240, ta zama wahaya. Da ta samu takardar ƴanci ta auri wanda take so, kotu ta yanke mata wata 6 a kan wai ta yi aure bisa aure, har ta shiga kaso. Ƙungiyar Timidria ta tsaya mata, lauya ɗan ƙasar nan Metir Abdourahaman Chaibou tare da abokan aiki na waje sunka kai maganar kotun CEDEAO. Ran 27 ga Oktoba 2008 kotun ta ce Nijar ta gaza kare ɗiyarta daga bauta, ta umarci a biya ta miliyan 10. A watan Maris 2009 anka kira ta Amurka anka ba ta lambar jarumtar mata. Wannan shari'a ana karanta ta a jami'o'in duniya. Ku shiga kowane lise na jihar Doso ku tambayi ƴan aji na ƙarshe sunan lauyan da ya tsaya mata. Ku tambaye su sunan ɗan wasan Real Madrid mai lamba 7. Ku dawo ku ba ni labari.

Lauyoyi suna da tasu amsa, kuma na ji ta. Za su ce: mu ma ƴan kasuwa ne, muna biyan hayar biro da lantarki da haraji. Ƙauye babu kuɗi, wanda ya buɗe kabine a Dutsi yunwa za ta kore shi cikin wata 6. Kuɗin da gwamnati ke ba wanda ya tsaya wa mara ƙarfi kaɗan ne, kuma sai ka yi ta bi. Kamfanoni da ma'aikatu da manyan kotuna duk a Yamai suke, don mi za a ce laifinmu ne? Akwai gaskiya cikin wannan, kuma rabon gwamnati na laifi ba ƙarami ba ne. Ban ce wani ya kwashe iyalinsa ya tare Sukukutan ba. Amma lambar girma ai ba kasuwa ba ce. Ita majalisar lauyoyi ke da ikon cewa ga wanda ya cancanta. Mi zai hana ta ce daga yau, kafin a kai sunan wani don a yaba masa, sai an ƙirga talakawa nawa ya tsaya wa kyauta, sau nawa ya taka ƙafa wajen Yamai, matasa nawa ya koyar har sunka tsaya da ƙafarsu, kuma ya nuna takardar CNSS ta duk wanda ke aiki ƙarƙashinsa, daga sakatariya har mai gadi? Wannan ba ya buƙatar dala ɗaya daga baitulmali. Takarda ce guda da sa hannun batonye. In an yi haka, wasu hotunan walima za su ragu, ni kuwa ba zan yi kuka ba.

Akwai wani abu kuma da ba a faɗi ranar bankwana: ina dosiyoyin mutane ke zuwa? Mu nan takardar gona ba wasa ba ce. Tun da anka kafa dokar karkara ta 1993 da kwamitocin ƙasa na Cofo, mutane sun fara gane amfanin rubutu, wani ya sha wuya ya samu takardar shaidar gado ko ta saye, ya ɗauke ta guda ɗaya tilo ya damƙa wa lauya a Yamai. Shekara ta zagayo, ya kira waya, a ce Metir ya huta, ko Metir ya rasu, kabine ya koma hannun wasu. Wanda ya san inda takardar take cikin kwali ɗari, shi ne wancan dattijon da anka sallama da agogon bango. Kun ga inda maganar ta haɗu. Gidan da bai daraja tsohon ma'aikacinsa ba, da wuya ya daraja tsohuwar takardarka. Don haka ƴan uwa, kar ku ba da takarda ta asali ba ku riƙe kwafi ba, kuma ku nemi a rubuta muku shaidar an karɓa. In lauyanku ya bar aiki kun rasa bakin zare, batonye ake rubuta wa, shi ne shugaban lauyoyi, kuma sauraron koke tsakanin lauya da wanda ya ɗauke shi yana cikin aikinsa. Ba alfarma zai yi muku ba.

Mu ma ƴan Arewa sai mun taɓa namu hali, don ba Yamai kaɗai ke da cutar ba. Wa muke sa wa a kujerar gaba ran biki? Wanda ya zo da mota mai baƙin gilashi ya liƙa wa makaɗi kuɗi. Tsohon mushe da ya koyar da rabin garin, tsohuwar ungozoma, tsohon da ya yi shekaru yana rubuta wa mutane takardar koke a gindin bedi kusa da kotu, su suna can baya suna neman inda za su raɓa. Alhali ƙasar nan ba yau ta san darajar shari'a ba. Tun kafin Bature ya zo da kundinsa, mutane na tafiya Lugu da Bagaji neman a raba musu gardama, kuma ana ganin girman masu rabawa suna raye, ana kai musu gaisuwa da dami. Mu jikokinsu mun koyi jiran mutuwa.

Kuma girmamawar da nake nema wa tsofaffin masana doka ba ta zama cikin kujera ba ce. Arewa ta haifi ƴan boko da yawa, kowa ya san wannan, cikinsu akwai alƙalai da magatakardan kotu da lauyoyi da sunka ajiye aiki suna zaune Yamai suna karanta jarida. Kansu cike yake da abin da muke mutuwa don rashinsa. Mi zai hana mari ta Kiéché ta ware ɗaki guda, teburi da kujera biyu, ta gayyaci ɗaya daga cikinsu sau ɗaya a wata ran kasuwa, ta biya masa kuɗin mota, ya zauna ya saurari mutane? Ya gaya wa bazawara rabonta, ya gaya wa manomi kwana nawa gare shi kafin ƙofar ɗaukaka ƙara ta rufe, ya gaya wa wani cewa maganarka ba ta kai ta kotu ba, koma wurin maigari ku sasanta kar ka ɓata kuɗinka. Ƙungiyoyin ƴan asalin gari da ke tara kuɗi don gasar ƙwallo da kofi lokacin hutu, kuɗin mota zuwa da komowa bai fi ƙarfinsu ba. Dattijon zai ji ana buƙatarsa, kuma in shekara ta cika mu tara jama'a a filin gari mu yi masa godiya da bakinmu yana ji da kunnensa, jikokinsa na kallo.

Wani zai ce ai duk wannan aikin gwamnati ne. To mu zauna jiranta. Mun jira ta a kan abubuwa da yawa, kun san yadda jiran ke ƙarewa.

Ga masu aiki a Yamai da Doso da Maraɗi, ko gidan lauya ne ko kanti ko makarantar kuɗi ko gidan rediyo irin namu, don mu ma ƴan jarida ba mu tsira daga wannan ba: gobe ba jibi ba, ka tambayi maigidanka lambarka ta CNSS. In ya fara "sai an jima" da "ai kai ɗan gida ne", ka ɗauki katin ɗan ƙasa ka tafi ofishinsu da ƙafarka su duba maka, kuma akwai masu binciken aiki na gwamnati da anka ajiye don irin wannan koke. Ba a fafe gora ranar tafiya. Iyayen da ke nan gida, in ɗanku ya kira waya ran Juma'a, bayan kun tambayi lafiyar yara, ku tambaye shi wannan lamba.

Ina gayyatar batonye ko duk wanda ya wakilta, da magajin garin Kiéché, da wakilin CNSS na Doso, su zo su zauna gaban makirfo su amsa wa jama'a da Hausa. In nisa ya hana, waya ta isa, mu za mu kira da kuɗinmu. Wanda ya yi aiki gidan lauya ko kotu ya tsufa, ko ya samu haƙƙinsa ko bai samu ba, ya aiko da saƙon murya ta lambar shiri, ba za mu faɗi sunansa ba sai da yardarsa. Layi zai buɗe ran Asabar bayan sallar isha'i.